Tambayi Likita: Mun Hana Baba Ƙwai da Man Shanu, Amma Mantuwa Ba Ta Ragu Ba

Tun bayan Babbar Sallah wasiƙu a kan kolestarol suke ta shigowa, wato abin da marasa lafiya a ɗakin da nake duba su a nan Bauchi suke kira "kitse a jini" ko "maiƙo a jini". Na zaɓi huɗu. Ta farkon ce ta fi tsaya mini a rai, a kanta zan fi daɗewa.

TAMBAYA: Salamu alaikum Likita, ya aiki, ya iyali? Mahaifinmu shekararsa 76, tsohon malamin makaranta ne. Kusan shekara biyu ke nan yana fama da mantuwa. Sai ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba. Wata Juma'a ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida, sai yaran unguwa ne suka rako shi. Yayanmu ya kai shi gwajin jini, aka ce kolestarol ɗinsa ya hau, aka rubuta magani. Tun ranar muka hana shi ƙwai da nama da nono da man shanu, har masar da yake karyawa da ita tun muna yara. Yanzu ya rame, kullum cikin fushi yake da mu, mantuwar kuma tana nan. Ga ƙanena ya turo wata murya ta WhatsApp mai cewa ita ƙwaƙwalwa kolestarol ce, maganin rage shi cinye ta yake yi. Ni ke kula da Baba, shekarata 48. Wanne za mu kama? Daga 'yar'uwarki a Jahun, Bauchi.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri, don jinyar mai mantuwa sai wanda ya yi ta ya san nauyinta.

Gobe da safe ki kai masa masarsa. Biyu ko uku, da miyar taushe, da ɗan nama mai laushi a ciki. Na fara da wannan ne saboda ramar da kika ambata ta fi takardar gwajin tayar mini da hankali. Tsoho idan ya soma ramewa ƙarfin ƙafarsa ne ke tafiya, daga nan sai faɗuwa a banɗaki, sai karayar ƙugu, sai kwanciya. Sannan akwai bitamin B12, wanda jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ba sa aiki daidai sai da shi. Babu shi a tuwo, babu shi a ganye. Daga nama da kifi da ƙwai da nono ake samunsa, kuma dama cikin tsoho ba ya tsotsarsa kamar na yaro. Ƙarancinsa kaɗai yana kawo mantuwa da ruɗewa da jin tafin ƙafa kamar ana tsira allura. Da kyakkyawar niyya kuka yi, na sani, amma kun rufe masa kusan duk ƙofofin da wannan bitamin ke shigowa.

Ita kuwa muryar da ƙanenki ya turo, gaskiya ta ɗauko ta ɗora wa ƙarya. Ƙwaƙwalwa tana cike da kolestarol, wannan haka yake. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tsakanin kashi 20 zuwa 25 na duk kolestarol ɗin jikin mutum yana cikinta. Mafi yawansa yana cikin rigar da ta naɗe zaren jijiyoyi, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, wadda ke sa saƙo ya yi gudu. Abin da mai muryar bai faɗa ba shi ne, ƙwaƙwalwa da kanta take haɗa nata. Allah ya sa wani shinge tsakaninta da jini wanda kolestarol ɗin da ke yawo a jini ba ya ƙetarawa. Don haka na cikin ƙwai ko man shanu ba ya zuwa ya gina ta, kuma idan aka rage na jini ba a yashe nata ba. A 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ƙara wani gargaɗi a takardar waɗannan magunguna, irin su atorvastatin da simvastatin, cewa wasu 'yan tsiraru sun yi ƙorafin mantuwa wadda ke gushewa idan an daina sha. Daga nan maganar ta samo tushe. Amma manyan gwaje-gwajen da aka yi da dubban mutane, wasu na shan maganin wasu ba sa sha, ba su nuna cewa masu shan sun fi saurin rasa tunani ba. Abin da suka nuna ƙarara shi ne raguwar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

To ta ina kolestarol ke cutar da ƙwaƙwalwa? Ta hanyoyin jini. Mafi yawan wanda ke jininki hantarki ce ta haɗa shi, abinci ƙari ne kawai. A takardar gwaji za ki ga LDL da HDL. LDL shi ke ɗauko kaya daga hanta ya rarraba wa jiki, HDL shi ke kwaso ragowa ya mayar. Idan LDL ya yi yawa, sai ya riƙa kutsawa ƙarƙashin fatar cikin jijiyar jini yana taruwa, yau kaɗan gobe kaɗan, shekara ashirin, shekara talatin, mutum bai ji komai ba. Duk wanda ya taɓa zuwa lambu a fadama ya san yadda abin yake. Idan babbar magudana ta toshe, rabin lambun ke bushewa rana guda: wannan ita ce shanyewar ɓarin jiki. Idan kuwa ƙananan ne ke cushewa ɗaya bayan ɗaya, sai fangali ya bushe a nan, wani ya bushe a can, mai lambu bai ankara ba sai ya ga amfani ya ragu. Haka wani nau'in gigin tsufa ke shigowa. Akwai wani nau'in kuma, cutar Alzheimer, wanda ya fi yawa a duniya kuma asalinsa daban, sai dai sau da yawa su biyun a kai ɗaya suke haɗuwa, ɗaya na ƙara wa ɗaya ƙarfi.

Yanzu ga abin da ya sa na ja layi a ƙarƙashin shekarunki ba na Baba ba. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ya ƙiyasta suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa a duniya. A shekarar ne suka shigar da yawan LDL cikin jerin, kuma a tsakiyar rayuwa suka ajiye shi, ba a tsufa ba. Ɓarnar ana yin ta ne a shekarun da mutum ke ganin kansa garau, yana aurar da 'ya'ya, yana ta hidimar jama'a. Hana Baba man shanu yau ba zai buɗe abin da ya cushe tun yana aji yana koyarwa ba. Amma ke da Yaya da ƙanenki, icen naku ɗanye ne, yanzu ake tanƙwara shi. Ku je ku ukun a gwada ku. Jimillar kolestarol ana son ta ƙasa da 5.2 idan da mmol/L aka rubuta, ko ƙasa da 200 idan da mg/dL ne. LDL kuma ƙasa da 2.6, ko 100, shi ya fi, kuma mai ciwon suga ko wanda ya taɓa samun matsalar zuciya likita zai nemi ya sauko ƙasa da haka.

Kada kuma ku fito ba a auna muku jini ba. Ina roƙonki wannan. A ƙasarmu hawan jini ya fi kolestarol cin ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan yake cikin jagororinsa, ya fitar da sakamako a 2018: hawan jini ne kan gaba wajen kawo shanyewar ɓarin jiki, maiƙon jini na biye, sannan cin nama a kai a kai da ƙarancin cin ganye suna cikin jerin. Gwaggona a Misau, Allah ya jiƙanta, ba ta shan maganin hawan jini sai ranar da kanta ya yi ciwo. Na yi magana har na gaji, tana ce mini ita ta san jikinta. Wata asuba aka same ta a kan dadduma bakinta ya karkace, hannun dama ya saki. Kwana biyu aka yi ana tofi da hayaƙi a kan cewa shafar iska ce kafin a kira ni. Ta rayu shekara huɗu bayan nan, ba ta sake kiran sunana daidai ba. Don haka duk wanda bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe farat ɗaya, a sa shi a mota a nufi babban asibiti, a yi addu'ar a hanya. Kada a ba shi asfirin a gida, domin a binciken nan kusan ɗaya cikin uku jijiya ce ta fashe ba toshewa ta yi ba, asfirin kuma ƙara zubar jinin zai yi.

Mu koma kan Baba. Kada ku dakatar da maganinsa da kanku, kada kuma ku ɗauka shi zai dawo da tunaninsa, ba aikinsa ba ne. Ku mayar da shi wurin likita da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har na gargajiya. Ko ya ci gaba da na kolestarol ko a'a, ya danganta da ko ya taɓa samun shanyewar jiki, ko ciwon zuciya, ko yana da suga. Ku nemi a duba jininsa da sugansa da B12, a duba kunnensa, a duba idonsa ko akwai yana. Rashin ji da rashin gani duk suna cikin abubuwa 14 ɗin nan, kuma na sha ganin tsohon da aka yanke wa hukuncin ruɗewa alhali rabin matsalar ba ya jin abin da ake faɗa ne. Kada ku kulle shi a ɗaki saboda abin da ya faru ranar Juma'a. A haɗa shi da jika ya riƙa raka shi masallaci da majalisarsa, a sa takarda mai lambar waya a aljihun rigarsa. Idan ya ce ba a ba shi abinci ba, kada ki tsaya musu da shi, a wurinsa gaskiya yake faɗa. Ki ce "to Baba, ga wannan kafin a sauke", ki miƙa masa ayaba ko 'yar gyaɗa ko rabin kofin kindirmo.

TAMBAYA: Likita, ni direba ne, Bauchi zuwa Gombe nake yi, shekarata 39. Kullum da safe a wurin mai shayi nake karyawa: indomi biyu da ƙwai huɗu, burodi da bota, shayi mai kauri. Da dare tsire. Wani fasinja ya ce ƙwan nan zai toshe mini jijiya. Amma ni siriri ne, ko tumbi ba ni da shi. Akwai abin tsoro?

AMSA: Malam direba, Allah ya tsare hanya. Siranta ba shaida ba ce. Kolestarol ba ya ciwo, ba ya sa jiri, ba a ganinsa a tumbi. Akwai ma waɗanda gadonsa suka yi, kusan mutum ɗaya cikin 250, ko me suka ci LDL ɗinsu a sama yake tun suna yara. Idan a danginku akwai wanda ciwon zuciya ko shanyewar jiki ya kama tun bai kai hamsin da biyar ba, kada ka bari watan nan ya ƙare ba ka yi gwaji ba.

Fasinjan naka ya kama ƙaramin ɓarawo ya bar manya. Ƙwai ɗaya yana da kolestarol kusan miligiram 185, duk a cikin gwaiduwa. Da can ana cewa kada a wuce 300 a rana, amma a 2015 Amurka ta cire wannan iyaka daga ƙa'idojinta na abinci, domin an gano cewa a jikin yawancin mutane idan na abinci ya ƙaru hanta tana rage nata. Abin da ya fi ɗaga LDL shi ne kitse mai daskarewa: kitsen nama, man shanu, bota. Huɗu kullum dai sun yi yawa. Ka koma ɗaya, wata rana biyu, kuma dafaffe ya fi wanda aka soya yana ninƙaya a mai.

Abin da ya fi damuna a tirenka shi ne gishirin da ke cikin ƙullin sinadarin indomi biyu, da sugan shayin, da botar, sannan ka zauna a kujera wuni guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini duka kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙulen miya. Ka sa mai shayi ya zuba rabin ƙullin. Kwana uku a mako ka karya da ƙosai da koko, ko alale, ko ɗanwake. Wurin mai tsire ka ce tsoka kake so, ya cire kitsen, ya cika maka albasa da tumatir da kabeji. Lokacin da kake jiran layinka ya zo a tasha, ka zaga da ƙafa na rabin awa maimakon kwanciya a benci. In kana shan taba, ita ce farkon abin da za ka bari, kafin ƙwai, kafin komai.

TAMBAYA: Anti Likita, ina sayar da masa a Azare. Na ga galan ɗin mai an rubuta babu kolestarol a ciki, ya fi tsada. Shi zan koma saya? Kuma tsakanin manja da man gyaɗa da man shanu wanne ya fi lafiya?

AMSA: Ƙanwata, kada ki ƙara ko sisi saboda wannan rubutu. Duk man da ya fito daga tsiro babu kolestarol a cikinsa, na galan ne ko na kwalba, mai tsada ko mai araha. Kolestarol daga dabba kawai yake fitowa. Abin dubawa shi ne yawan kitse mai daskarewa, wanda ke sa hanta ta bar LDL ya taru a jini. A man gyaɗa na gaskiya bai kai kashi 20 cikin 100 ba. A manja kusan rabi ne. A man shanu ya haura rabi. Ki lura da su da sanyin hunturu: wanda ya fi saurin yin barci a kwalba shi ya fi wannan kitsen.

Sai dai a kasuwa yanzu duk farin mai "man gyaɗa" muke ce masa, alhali da yawa daga na jarka manja ne aka tace aka cire masa ja. Idan kina da mai ƙuli-ƙulin da kika yarda da ita, man da ta matse da hannunta ya fi. Man waken suya ma yana da kyau. Ban ce a bar manja ba, jansa yana ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai amfani ga idon yara. A rage yawansa ne, kuma a daina ƙona shi har ya yi fari yana hayaƙi. Miyar da mai ya kwanta a kanta kamar tafki, rabinsa ma ya isa. Man shanu kuwa ƙamshinsa ake so, ƙaramin cokali a kan tuwo ya biya buƙata, ba ludayi ba. Akwai wani kitsen da ya fi duka muni, wanda masana'antu ke daskarar da man tsiro su samar, ana samunsa a wasu bota da biskit da kek. A 2023 Najeriya ta kafa dokar da ta iyakance shi zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai, NAFDAC ke sa ido a kai.

Ke sana'arki tana da sauƙi, tunda tanda shafa mata mai ake yi. Masu ƙosai da awara da soyayyen kifi ne nake ji wa, waɗanda ke juya mai ɗaya kwana da kwanaki har ya koma baƙi. Irin wannan a zubar. Kuma miyar da kike haɗawa da masar tana iya zama rabin maganin. Hanta da kolestarol take haɗa ruwan matsarmama, shi kuma yauƙin kuɓewa da ɓargon wake suna kama wannan ruwa a hanji su fita da shi, sai hanta ta jawo wani kolestarol daga jini ta sake haɗawa. Ki yawaita kabewa da alayyafo da yakuwa, ki rage dunƙule ki ƙara daddawa. A gida kuma ki riƙa dafa wa yara kuka da zogale da rama, gero da dawa kada a surfe su har su yi fari tas.

TAMBAYA: Likita, kakar yarana ta ce a riƙa ba ɗana mai shekara tara ƙwaƙwalwar rago don haddarsa ta zauna. Gaskiya ne? Daga wani uba a Kumo.

AMSA: Allah ya sa albarka a karatunsa, Malam. Ƙwaƙwalwar rago idan ta shiga ciki narkewa take kamar kowane nama, ba ta hawa kai. Kuma babu abin da muke ci da ya kai ƙwaƙwalwa kolestarol: giram 100 na dafaffiyar ta rago ya haura miligiram 2,000, fiye da ƙwai goma. Yaro ya ci ta Sallah sau ɗaya a shekara ba komai, kada ka saɓa wa Hajiya a kan wannan. Kai ne dai, in gwajinka ya hau, za ka bar musu.

Abin da ke dakushe kan yaro a wurinmu ƙarancin jini ne, da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, da tsutsar ciki, da tafiya makaranta ba karin kumallo, da ƙarancin barci. A duba jininsa, a ba shi maganin tsutsa, ya kwana cikin gidan sauro, gishirin gidanku ya zama mai aidin. Kuna kusa da madatsar ruwan Dadin Kowa, kifi ba ya muku wuya, a sa masa a miya sau biyu a mako. Da safe kuma a dafa masa ƙwai ɗaya ya ci da kununsa kafin ya ɗauki allo.